Waƙa Kuke Koya Musu, Ba Turanci Ba

Bari in faɗa tun farko, kada wani ya ce na tsaya kwana-kwana: abin da ake yi a yawancin azuzuwan Turanci na Gyadi-Gyadi da Tarauni da sunan koyar da aikatau cin amanar yara ne da iyayensu. Yaro ya shiga nazire yana ɗan shekara 3, ya yi 6 a firamare, ya ƙara 6 a sakandare, kusan kowace ranar Allah akwai darasin Turanci, amma ya fito ba ya iya rubuta wasiƙar layi goma ba tare da ya cakuɗa jiya da gobe ba. Ba kuma aikatau masu taurin kai nake nufi ba, irin su *go* da *went* da *gone*, waɗanda ɗan Baturen ma sai ya yi tuntuɓe da su yana ƙarami. Masu bin ƙa'ida nake nufi, waɗanda iyakar buƙatarsu a liƙa musu *-ed* a wutsiya.

Duka-duka nawa abin yake? Ɗauki *walk*. Siffa huɗu gare shi, ba ƙari: *walk*, *walks*, *walked*, *walking*. Lokutan nan 12 da ake zana wa yara a allo ana razana su da dogayen sunaye, dukkansu da waɗannan huɗun ake gina su, sai 'yan mataimaka irin su *be* da *have* da *will* da *do*. Aikatau marasa bin ƙa'ida a Turanci kimanin 200 ne. Sauran dubbai duk hanyar *walk* suke bi, har sabon da ya shigo mana ta waya, *download*, shi ma *-ed* yake ɗauka ya zauna lafiya. Abin da yaro mai matsakaiciyar ƙwaƙwalwa zai riƙe a zango ɗaya, shi muke kwashe shekara 12 muna kasa koya masa, kuma ba zangon da ba a karɓi kuɗi ba.

Bi ta lungunan bayan Court Road da misalin ƙarfe 9 na safe, ko ka kutsa Darmanawa, ko Unguwa Uku. Tun kafin ka ga makarantar za ka ji ta. Gidan haya ne mai ɗaki huɗu, an shafe katangar da fenti mai ruwan ƙwai, an zana tambari da kalmar *International* da manyan baƙaƙe. A ciki Anti tana tsaye, alli a hannun dama, tsumagiya a hagu. An raba allo gida uku. Ta ce, "*Play!*" Aji ya ɗauka da murya ɗaya, "*Play, played, played!*" Ta ce, "*Help!*" Su ce, "*Help, helped, helped!*" Ana buga benci, ana kaɗa kai, na bayan aji suna motsa baki kawai suna raba ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin tebur. Minti 35 ya cika, an buga ƙararrawa, Anti ta rubuta a littafin darasinta cewa an gama shuɗaɗɗen lokaci.

To kira yarinyar da ta zo ta ɗaya a ajin nan, 'yar aji biyar, mai tsabtataccen hijabi da rubutu kamar na inji. Ka ce mata, "'Yata, faɗa min da Turanci: jiya na taya Umma wanke-wanke." Za ta dubi silin. Za ta dubi Anti. Sannan a hankali ta ce, "*Yesterday I am help my mother.*" Yanzun nan ta gama rera *helped* har sau biyu a jere, amma ba ta san inda ake ajiye shi ba, domin ba wanda ya taɓa gaya mata cewa kalmar nan tana da aiki a cikin zance. A wurinta baiti ne na waƙa. Kamar yarinyar da aka haddasar da ita sunayen kayan miya kaf, ba a taɓa barin ta ta ɗora tukunya ba, ranar da aka ce ta yi girki kuma a hau ta da faɗa.

Jarrabawar ƙarshen zango ma an tsara ta ne don ta rufe wannan asiri. A rubuta *play*, a bar gurbi biyu, a ce a cike. Yaro ya cike, ya ci 18 cikin 20, a buga masa jan tambari. Uba ya ga takardar sakamako ya yi hamdala, ya biya kuɗin zango mai zuwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, yaran nan ba su zo aji hannu rabbana ba. Ɗan shekara 5 a Gyadi-Gyadi ya riga ya mallaki tsarin lokuta cikakke a bakinsa. Yana cewa "na tafi", "ina tafiya", "zan tafi", "nakan tafi", "bari in tafi", bai taɓa kuskuren ɗaya da ɗaya ba. Masana nahawun Hausa sun daɗe da ba su sunaye: shuɗaɗɗen lokaci, lokaci mai ci, lokaci mai zuwa, sabau. Littafin nahawu na Farfesa M. K. M. Galadanci, ɗan Kano, tun 1976 ya fito. Dubi jerin nan da kyau, za ka ga abu guda: a Hausa alamar lokaci a gaban aikatau take zama, tare da wakilin suna. "Tafi" yana nan yadda yake a "na tafi" da "zan tafi" da "nakan tafi". Kunnen Bahaushe ya saba neman lokaci a farko. Turanci kuwa, a shuɗaɗɗen lokacinsa, a ƙarshen kalma yake ɓoye alamar. Wannan jimla guda, da Anti ta faɗe ta da Hausa a ranar farko, da ta rage wa yaran nan wahalar shekaru. Ba ta faɗa ba. Mai yiwuwa ita ma ba wanda ya faɗa mata.

Kuma wutsiyar nan tana da wata matsala da harshenmu. Kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, shi ya sa da muka aro kalmomin Bature muka sa musu nasu: benci, burodi, bokiti. Yanzu a ce wa mai wannan harshe ya furta *walked* ko *asked*, inda baƙaƙe biyu ko uku suka cunkushe a ƙarshe ba wasali a tsakani. Ɗayan biyu zai yi: ko ya yar da wutsiyar gaba ɗaya, ko ya ce "wokid". Alhali *-ed* furuci uku gare ta. A *walked* da *stopped* sautin t ne, a *played* da *called* sautin d ne, sai a irin su *wanted* da *needed* kaɗai take zama gaɓa mai zaman kanta. Abin da kunne bai ji ba, hannu ba ya rubutawa. Shi ya sa za ka karanta insha'in ɗan aji shida na sakandare daga farko zuwa ƙarshe, labarin bikin yayarsa da aka yi bara, ba *-ed* ko guda. Malamai nawa ne a Tarauni suka taɓa ware darasi ɗaya tak don yara su saurari bambancin *walk* da *walked* da kunnensu?

Sai kuma ɓarnar da sunan lokaci yake yi. An ce wa yaro *he walks* lokacin yanzu ne, shi kuwa a ransa "yanzu" na nufin "yana tafiya". Ba haka ba ne. *He walks to school* ya fi kusa da "yakan tafi makaranta a ƙasa", wato sabau. "Yana tafiya" shi ne *he is walking*. Da aka ƙi bambance masa su da harshen da yake mafarki da shi, sai ya ɗauki *am* da *is* ya mayar da su "ina" da "yana", ya riƙa liƙa su ko'ina. Daga nan aka haifi "*I am having two brothers*" da "*I am not hearing you*", waɗanda yau har a bakin masu digiri ake jin su.

"Na gama" kuwa kalma biyu ce a Hausa, amma Turanci ya raba ta gida biyu: *I finished* da *I have finished*. Ƙa'idar ba ta da tsawo. In ka ambaci lokacin da ya wuce ya rufe, jiya ko bara ko shekarar 2019, to *finished* kawai. In maganar sakamakon da ke nan yanzu kake, sai *have* ya shigo. Je ka shagunan buga takardu na bakin titin Zariya ka tsaya bayan mai kwamfuta na ɗan lokaci. Saurayi zai shigo da fayil, sanye da shadda mai guga, ya miƙa takardar neman aiki da ya rubuta da hannu. Layi na biyu: "*I have completed my service last year.*" Mai kwamfutar, in yana da kirki kuma ya sani, zai goge *have* ɗin bai ce komai ba. In bai sani ba, haka za ta tafi ofishin da ake da masu nema ɗari a kan gurbi ɗaya, inda mai tantancewa yake neman dalilin rage tarin da ke gabansa. Haka nan "tun safe nake jira". Mu lokaci mai ci muke sawa, Turanci kuma *I have been waiting* yake so. Ɗalibi ya haddace sunan wannan lokaci mai kalma uku, ya iya zana shi a jadawali, amma ranar da ya tsaya a layin banki "*I am waiting since morning*" zai ce.

Akwai ma inda Hausa take ba da amsar kai tsaye. Yaro ya rubuta "*I did not walked*", domin an ce masa duk abin da ya wuce sai da *-ed*. Tambaye shi: a "ban tafi ba", "tafi" ya canza? Bai canza ba, abin da ke gabansa ne ya ɗauki nauyin. To *did* ma haka yake, ya riga ya ɗauki lokacin, *walk* sai ya tsaya tsurarsa. Minti biyu, an wuce wurin.

Maganar umarni da sharaɗi da fata kuwa, yawanci ba a ma kai wa gare su, sai dai a ba da su a rubutun allo ranar da malami ya gaji. Amma ƙaramin yaro a gida yana cewa, "Da ka kira ni, da na amsa." Wannan shi ne *if you had called, I would have answered*, abin da ɗaliban aji shida ke gudu kamar an ce ga maciji. "Likita ya dage lalle ta huta" shi ne *the doctor insisted that she rest*, ba *-s* a ƙarshe, kuma Bahaushe ya fi kowa cancantar gane dalili, tunda "ta huta" ɗin nan tasa ba labari take bayarwa ba, buƙata take nunawa.

Kada wani ya ce ina yaƙi da hadda. A garin nan ba a raina hadda. Amma ku je zaurukan malamai na cikin birni ku ga yadda ake yin ta. Ɗalibin ilimi yana karanta Ajurrumiya, ɗan littafin nahawun da Ibn Ajurrum ya rubuta, wanda ya rasu a Fas a 1323, yana wucewa zuwa Lamiyyatul Af'al da Alfiyya na Ibn Malik. Sarfun Larabci ya ninka na Turanci wuya nesa ba kusa ba: aikatau yana canzawa da namiji da mace, da ɗaya da biyu da jam'i. Ta yaya malam yake shigar da shi kan ɗalibi? Ya karanta, ya fassara da Hausa kalma bayan kalma, ya ce wannan mali ne, wannan mudari'i, wannan amri, sannan ya jefo jimla ya ce a yi mata i'irabi. Ba ya barin ka wuce sai ka nuna aikin kalmar a cikin zance. Ɗaruruwan shekaru ana fitar da malaman da ke rubuta littattafai da waƙoƙi da Larabci ta wannan hanya, a kan buzu, ba janareta, ba tambari a katanga. Ba a taɓa jin malamin zaure ya ci tarar ɗalibi don ya yi tambaya da Hausa ba.

Mu kuwa 'yan boko mun fi ƙarfin haka. A makarantun kuɗi da yawa Hausa laifi ce. Akwai monita mai rubuta sunayen masu "banakula", akwai tara, akwai bulala. Sakamakon? Yaro ya daina tambaya. Abin da bai gane ba ba shi da Turancin da zai ce bai gane ba, Hausar kuma an hana shi, sai ya yi shiru ya shiga amshi. Kun toshe ƙofa ɗaya tilo da bayani zai shiga, kuna kuma mamakin ɗakin babu kowa.

Gwamnati ma ta yi ta kai-komo a kan wannan. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida. A Nuwamban 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara 6 na firamare. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke shi, ya ce a koma Turanci, yana danganta faɗuwar jarrabawa da koyarwa da harshen uwa. Ni dai ina gayyatar duk mai wannan ra'ayi ya zo lungunan Tarauni. Makarantun nan tun daga nazire da Turanci suke koyarwa, ba su taɓa bin waccan manufa ba ko na yini ɗaya, kuma su ne ke yaye masu "*yesterday I am help*". Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife: aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci tsawon shekara 6, Turanci kuma aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Kalmar da za a riƙe a nan ita ce ƙwararren malami.

Wannan ya kawo ni kanku, masu makarantu. Alhaji, Hajiya, kun san wanda kuka damƙa wa ajin Turanci. Yarinya ce da ta gama sakandare bara tana jiran sakamakon JAMB, ko saurayin da ya karanta wani fanni daban ya rasa aiki. Kun ɗauke su ne don ba za su yi musu a kan albashi ba, albashin da a wurare da yawa bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 ba. Ba ku gwada su ba, ba ku tura su horo ba, ba ku taɓa zama a bayan aji kun saurari darasi ɗaya ba. Amma kuɗin bikin yaye ɗalibai da rigar yaye 'yan nazire ba ya kuskure muku. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin makin da aka gindaya. Wane ne cikinku zai yarda a yi wa malamansa irinta gobe da safe? Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Yunin 2024. Madalla. Sai dai sabon rufi da fenti ba sa koyar da aikatau, kuma jami'in duba makarantu da zai tsaya a ofishin hedimasta ya sha lemo ya sa hannu, gara ya zauna a gida.

Akwai malaman kirki, na sani, masu kwana suna gyaran littattafan yara sittin da jan biro. Su ba da su nake ba. Da kai nake, Malam, wanda ka san cewa kai ma ba ka rarrabe *finished* da *have finished*, ka shekara biyar kana koyar da su, ba ka taɓa buɗe littafi don kanka ba. Rashin sani ba abin kunya ba ne. Ƙin neman sani alhali ana ba ka 'ya'yan mutane amana, wannan kam sai ka amsa tambaya a kansa. Ƙarancin albashi uzuri ne na barin aiki, ba na lalata shi ba.

Ranar biyan bashin tana zuwa a ajin ƙarshe. A jarrabawar WAEC ana neman insha'i na kalmomi kimanin 450, kuma a kason da aka ware wa daidaiton rubutu kowane kuskure rabin maki yake ci. Yaron da ba ya sa *-ed* ba ya kai tsakiyar shafi makin nan ya ƙare. Ba kiredit a Turanci kuwa, ƙofar jami'a sai dai a hange ta. A nan ne makarantar da ta kasa koyarwa take komawa sayar da amsa: a karɓi kuɗin "taimako", a rubuta insha'i a allo, yara hamsin su kwafe. An cuci yaro a aji biyar na firamare, an sake cutarsa a aji shida na sakandare, duka biyun kuma ubansa ne ya biya.

Iyaye, ku ma ba ku fita ba. Kun ji yaro ya dawo yana cewa "*good afternoon, Daddy*", kun ce makaranta ta yi. Kun fi kula da launin yunifom da motar ɗaukar yara a kan abin da ke cikin littafinsa. Wasunku har alfahari suke yi wai ɗansu ba ya jin Hausa sosai, alhali Turancin ma bai ji ba.

Gyaran ba ya buƙatar kwangila. A ɗauki aikatau ɗaya, a yi mako guda da shi. A rubuta jimlar Hausa a hagu, ta Turanci a dama, yaro ya ga inda kowanne harshe ya ajiye lokacinsa. Kowace safiya ɗalibi biyu su tashi su faɗi abin da suka yi jiya, da abin da sukan yi kullum, da abin da za su yi gobe. A nuna musu dalilin da *stop* yake ninka baƙinsa ya zama *stopped*, *carry* ya koma *carried*, *play* kuma ya tsaya *played*. A daina jarrabawar cike gurbi, a ce su rubuta layi biyar, malami kuma ya karanta da gaske.

Kai kuma uba, yau bayan sallar Isha'i kira ɗanka, ka ce ya juya maka waɗannan uku zuwa Turanci a rubuce: "Jiya na wanke kayana." "Nakan taya Baba aiki ranar Asabar." "Tun safe nake jiran ka." In kai ba ka iya dubawa ba, maƙwabcinka ya iya. In yaron ya wuce aji uku na sakandare ya kasa biyu a ciki, kada ka dake shi. Ɗauki takardar, ka haɗa da rasidin kuɗin makaranta, gobe da safe ka ajiye su a teburin mai makarantar ka ce ya yi maka bayani.